Yadda Ake Saita Wa'adin Zama da Lissafin Tikitin Intanet a Rautar MikroTik

Mai sayar da intanet da tikiti yana karɓar kuɗi ne kafin ya ba da kaya, saboda haka daga lokacin da ya miƙa wa mutum 'yar takarda mai ɗauke da lamba, akwai bashi a wuyansa har sai an auna wa mai tikitin abin da ya biya. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga masu amfani, ita ce mudun da ake wannan awo da shi. A ayyukan da na yi wa masu masaukan ɗalibai a hanyar Dundaye da masu shaguna a Mabera da Arkilla a Sakkwato, ƙorafi iri biyu nake tararwa: mai wuri yana cewa data tana ƙarewa amma kuɗin tikiti ba sa cika, abokin ciniki kuma yana cewa ya sayi awa guda, bai yi minti ashirin ba aka ce masa ta ƙare. Sau da yawa babu wanda ya yi niyyar cutar wani a cikinsu. Wanda ya haɗa rautar ne ya gauraya agogai huɗu masu aiki daban-daban, ko kuma ya bar littafin lissafin a inda ɗaukewar wuta take share shi.

Wannan jagora ta ginu ne a kan na'urorin MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya da aka kafa a 1996, domin su na fi gani a hannun masu wannan sana'a a nan. Na ɗauka cewa ka riga ka buɗe Winbox, manhajar da ake saita rautar da ita, ka kunna Hotspot, tsarin da ke neman lambar tikiti kafin a shiga intanet, da umarnin /ip hotspot setup, kuma shafin shiga yana fitowa a wayar duk wanda ya kama wayfai ɗinka. Idan sabuwar na'ura ce mai RouterOS 7 (RouterOS ita ce manhajar da ke tafiyar da rautar) kuma Hotspot ya ƙi tashi, ka duba /system device-mode, domin tsarin home yana toshe shi har sai ka ba da izini ka danna maɓallin jikin na'urar.

Mataki na farko: agogon rauta da dokar FastTrack

Yawancin ƙananan na'urorin MikroTik ba su da batirin da ke riƙe lokaci, don haka duk sa'ad da wuta ta ɗauke ta dawo, sai sun nemi lokaci daga intanet. Tikitin kwana ɗaya ko na mako kuwa a kan wannan agogon yake tafiya. Ka saita yankin lokaci, ka kunna mai karɓo lokaci, kamar yadda ake rubutawa a RouterOS 7:

/system clock set time-zone-name=Africa/Lagos
/system ntp client set enabled=yes servers=pool.ntp.org

Sannan ka shiga /ip firewall filter ka nemi dokar da aikinta fasttrack-connection ne, ka kashe ta, ka sake tayar da rautar. Tana zuwa ne a cikin saitin masana'anta domin ta rage wa na'ura nauyi, amma duk zirga-zirgar da ta bi ta kanta tana tsallake layukan da ke taƙaita gudu. Wanda ya bar ta a kunne zai rubuta wa mutum gudun megabit 3 a daƙiƙa ya ga yana jan abin da ya ninka haka.

Mataki na biyu: bambance agogan nan huɗu

A nan ne mafi yawan asara take faruwa, don haka zan daɗe a kai.

Agogo na farko shi ne session-timeout, wato wa'adin zama guda. Yana fara ƙirga daga lokacin da mutum ya shiga, idan ya cika sai rauta ta fitar da shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan agogo ba ya kashe tikiti. Wanda aka fitar zai iya sake rubuta lambarsa nan take ya sami sabon zama cikakke. Na taɓa zuwa wani masauki inda aka sayar da tikitin awa ɗaya da wannan saitin kaɗai, kuma ɗalibai sun gano cewa takarda guda tana kai su tun daga asuba har bayan isha'i, muddin za su sake rubuta lamba a ƙarshen kowace awa. Mai wurin ya shafe makonni yana zargin yaron da ke sayar masa da tikiti, alhali yaron bai taɓa ko kwabo ba.

Agogo na biyu shi ne limit-uptime, jimillar lokacin da tikiti yake da shi a rayuwarsa. Ba a jikin rukunin masu amfani ake sa shi ba, a jikin kowane tikiti ake rubuta shi. Yana tara duk mintunan da mutum ya yi a ciki, ko a zama ɗaya ko a zama goma, idan suka cika awar da ya biya sai lambar ta daina aiki gaba ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da ake nufi da tikitin awa ɗaya.

Agogo na uku shi ne idle-timeout, wa'adin shiru. Idan mutum yana ciki amma babu abin da ke wucewa daga na'urarsa na tsawon lokacin da ka ɗiba, rauta za ta fitar da shi domin kada lokacinsa ya riƙa zuba a banza. A zamanin da kwamfuta ake kawowa shago wannan yana aiki sosai. Wayar zamani kuwa ba ta yin shiru, domin ko tana aljihu WhatsApp da Facebook suna ta leƙa sabobinsu, saboda haka kada ka dogara da shi kaɗai wajen kare lokacin abokin ciniki.

Agogo na huɗu shi ne keepalive-timeout, wa'adin lalube. Rauta tana taɓa na'urar mutum lokaci-lokaci ta ga ko tana nan, idan ta daina amsawa har wa'adin ya cika sai a rufe zaman. Asalin saitinsa minti 2 ne. Shi ne yake ceton ɗalibin da ya tashi ya tafi lacca ko masallaci bai danna maɓallin fita ba. Idan ka cire shi, ko ka ɗaga shi zuwa awa guda kamar yadda wasu suke yi domin gudun ƙorafin yawan fitarwa, to mutum zai bar wurin da minti arba'in a tikitinsa ya dawo ya tarar babu komai, kuma gaskiya tana wurinsa idan ya yi faɗa.

Ga yadda nake haɗa su ga tikitin lokaci:

/ip hotspot user profile add name=awa-daya shared-users=1 rate-limit=1M/3M idle-timeout=10m keepalive-timeout=2m add-mac-cookie=yes mac-cookie-timeout=1d
/ip hotspot user add name=48213 profile=awa-daya limit-uptime=1h

Ka lura ban sa session-timeout ba ko kaɗan. Inda nake amfani da shi shi ne wurin da intanet ɗin kyauta ce amma ana son mutane su riƙa ba juna wuri, kamar ɗakin jira na asibiti ko ɗakin karatu. A rate-limit kuma, lambar farko ita ce abin da mutum yake turawa, ta biyu abin da yake saukewa, domin rauta daga ɓangarenta take kallon hanya. Masu juya su suna ba mutum faɗin hanya wajen turawa su matse shi wajen kallon bidiyo.

Akwai wani idle-timeout na daban a jikin sabar Hotspot kanta, ƙarƙashin /ip hotspot, wanda asalinsa minti 5 ne. Wannan na waɗanda suka kama wayfai ne ba su shiga da tikiti ba, yana share su daga jerin baƙi. Ka bar shi yadda yake, kada ka rikita shi da na rukunin masu amfani.

Mataki na uku: dawowa ba tare da sake rubuta lamba ba

Gajeren wa'adin lalube yana da illa guda: waya tana kashe wayfai idan allonta ya daɗe a rufe, rauta ta fitar da mai ita, ya buɗe ya tarar ana neman lamba. Maganinsa shi ne mac-cookie, wanda ke sa rauta ta tuna lambar jikin na'urar da ta shiga da tikiti, ta mayar da ita ciki da kanta da zarar ta dawo. Sai ka kunna shi a tsarin sabar Hotspot, wanda umarnin setup yake ba suna hsprof1:

/ip hotspot profile set hsprof1 login-by=http-chap,mac-cookie

Asalin wa'adinsa kwana 3 ne, amma ka daidaita shi da tsawon tikitin: kwana ɗaya ga na awa, mako ga na mako. Sai dai ka faɗa wa mai tikitin lokaci gaskiya cewa muddin wayarsa tana kama wayfai ɗin, agogonsa yana tafiya, kuma idan yana son ajiye sauran mintunansa ya kashe wayfai ko ya danna fita.

Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙirar lambar jiki ta wucin gadi ga kowane wayfai. Galibi lambar tana zama daram ga wayfai guda, amma tana iya canzawa, musamman idan aka goge wayfai ɗin daga waya aka sake kama shi. Idan hakan ta faru rauta za ta ɗauka baƙuwar na'ura ce, kuma da yake shared-users=1 ne, wato na'ura ɗaya kaɗai ga kowane tikiti a lokaci guda, za ta hana shiga har tsohon zaman ya mutu. Wannan ma wani dalili ne na barin wa'adin lalube a minti 2, domin jiran minti biyu abu ne da mutum zai iya haƙuri da shi.

Mataki na huɗu: tikitin data

Ma'auni uku ne a jikin tikiti: limit-bytes-in na abin da mutum ya tura, limit-bytes-out na abin da ya sauke, da limit-bytes-total na jimillar biyun. Na ƙarshen nake ba da shawara, domin da kuɗinka ka sayi duka biyun. Gigabait ɗaya bait 1,073,741,824 ne, kuma na fi son rubuta adadin cikakke domin kada a sami saɓani. Ka fara ƙirƙirar rukuni mai suna data kamar yadda aka yi awa-daya, sannan:

/ip hotspot user add name=70952 profile=data limit-bytes-total=1073741824

Yana da kyau ka san saurin ƙarewar wannan adadi kafin abokin ciniki ya zo da fushi. A gudun megabit 3 ba tsayawa, gigabait ɗaya ba ya wuce kimanin minti 48. Kuma waya tana ɗaukar kowane wayfai a matsayin intanet marar iyaka, saboda haka da ta kama sai ta fara sabunta manhajoji da ɗora hotuna da bidiyon biki zuwa ma'ajiyar Google, mai ita bai buɗe komai ba. Ga wayoyin Android akwai hanyar sanar da su cewa wannan intanet ta awo ce, ta cikin saƙon da ke raba adireshi:

/ip dhcp-server option add name=awo code=43 value="'ANDROID_METERED'"
/ip dhcp-server network set 0 dhcp-option=awo

Ka tabbatar lambar 0 ɗin ta hanyar Hotspot ce, ba ta wata hanya ba. Wannan layi biyu sun rage mini ƙorafin "an sace mini data" fiye da duk wani bayani da na taɓa yi da baki, kuma ina ganin haƙƙin mai saye ne a sa masa su ko bai roƙa ba.

Game da masu raba tikitinsu ga abokai ta hanyar kunna wayfai a wayarsu, ana iya toshe yawancinsu da dokar change-ttl a /ip firewall mangle, a sa new-ttl=set:1 ga abin da ke fita zuwa hanyar Hotspot. A ra'ayina wannan ya dace da tikitin lokaci ne kawai, inda mutum biyar za su sha daga kuɗin mutum ɗaya. Wanda ya sayi gigabait kuwa kayansa ne, ko shi kaɗai ya cinye ko ya ci da ɗakinsu duka, awon ba ya canzawa.

Mataki na biyar: mayar da lissafi inda ɗaukewar wuta ba ta share shi

Duk abin da ya gabata yana da rauni guda babba. Tikitin da aka rubuta kai tsaye a /ip hotspot user, rauta tana ƙara masa abin da aka ci ne idan zaman ya rufe. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar zama, ko batirin sola ya faɗi da tsakar dare, ko na'urar ta sake tashi saboda zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a garin nan, lissafin wannan zaman ya tafi, tikitin ya koma yadda yake kafin a shiga. A wurin da hakan ke faruwa sau biyu ko uku a yini, asarar ba ƙarama ba ce. Rauni na biyu shi ne irin wannan tikiti bai san kalanda ba, wato ba za ka iya cewa ya mutu bayan kwana bakwai ba sai da ƙarin rubutun umarni, irin wanda Mikhmon, manhajar buga tikiti, take sakawa.

Mafita ita ce RADIUS, tsarin da ke raba aiki biyu: rauta tana tsaron ƙofa, wata saba tana riƙe littafi. Ana tambayar izinin shiga ta ƙofa mai lamba 1812, ana kai rahoton lissafi ta 1813, sabar kuma tana iya aiko da umarnin a fitar da mutum ta 3799. MikroTik tana da tata sabar mai suna User Manager, wadda ake saukewa a matsayin ƙarin kunshi daidai da lambar RouterOS ɗinka, kuma tana iya zama a cikin rautar kanta. Kafin ka fara, ka duba matakin lasisinka a /system license. Lasisin mataki na 4, irin wanda ke kan ƙaramar rautar hEX, yana ɗaukar mutum 200 a Hotspot amma zama 20 kacal a User Manager a lokaci guda. Mataki na 5 yana ɗaukar 500 da 50. Mataki na 6 ba shi da iyaka. Wanda bai san wannan ba zai ga mutum na ashirin da ɗaya ya kasa shiga da tikiti mai kyau ya rasa dalili. Haka kuma hEX samfurin RB750Gr3 megabait 16 ne kawai ma'ajiyarta, don haka ka sa mata katin ajiya ko filashi ka mayar da littafin can ta hanyar db-path a /user-manager database.

Ga haɗin a RouterOS 7, inda za ka sauya kalmar sirrin da taka mai tsawo:

/user-manager set enabled=yes
/user-manager router add name=gida address=127.0.0.1 shared-secret=KalmarSirri
/radius add service=hotspot address=127.0.0.1 secret=KalmarSirri
/radius incoming set accept=yes port=3799
/ip hotspot profile set hsprof1 use-radius=yes radius-accounting=yes radius-interim-update=1m

Layin ƙarshe shi ne zuciyar aikin. Yana sa rauta ta kai rahoton abin da kowa ya ci duk bayan minti ɗaya, ba sai zama ya rufe ba. A gudun megabit 3, mafi yawan abin da zai ɓace maka a kan mutum guda idan wuta ta ɗauke megabait 22.5 ne, idan ka sa minti 5 ya zama megabait 112.5. Rahoto akai-akai yana ƙara yawan rubutu a ma'ajiya, shi ya sa na ce littafin ya koma kan kati. Ga wuri mai mutum talatin zuwa hamsin, minti 1 zuwa 2 ya yi daidai.

Sai tsara hajar kanta, misali gigabait 2 da za su mutu bayan mako guda:

/user-manager limitation add name=giga2 transfer-limit=2147483648 rate-limit-rx=1M rate-limit-tx=3M
/user-manager profile add name=mako validity=7d starts-when=first-auth
/user-manager profile-limitation add profile=mako limitation=giga2
/user-manager user add name=31877
/user-manager user-profile add user=31877 profile=mako

Ka kula da starts-when. Idan ka bar shi a assigned, kwanakin suna fara ƙirguwa tun ranar da ka buga tikitin, wato takardun da suka kwana biyar a aljihun mai sayarwa saura kwana biyu gare su kafin a saye su. Da first-auth kuwa sai ranar da mai shi ya fara shiga. Idan mutum ya cinye datarsa yana son ƙari, ba sai ka ba shi sabuwar lamba ba: ka ƙara masa wani user-profile a kan tsohuwar lambar, zai jira a layi ya fara aiki idan na farko ya ƙare.

Wanda wurinsa ya girma har ya koma wata saba ta waje kamar FreeRADIUS zai aiko da waɗannan iyakoki ne da sunayensu na RADIUS: Session-Timeout, Idle-Timeout, Acct-Interim-Interval, Mikrotik-Rate-Limit da Mikrotik-Total-Limit. A nan Session-Timeout yana da amfani sosai, domin sabar tana lissafa sauran daƙiƙun tikiti ta aiko da su a kowace shiga. Tarkon da ke ciki shi ne Mikrotik-Total-Limit ba ya ɗaukar adadin da ya wuce 4,294,967,295, wato gigabait 4 ba bait ɗaya. Tikitin gigabait 10 sai an raba shi: a sa 2 a Mikrotik-Total-Limit-Gigawords, wanda ke nufin gigabait 8, a sa ragowar gigabait 2 a ɗayan. Kuma idan sabar tana nesa a intanet, ka ɗaga timeout na /radius zuwa daƙiƙa 3, domin jinkirin hanya kada ya sa a ƙi tikiti mai kyau.

Mataki na shida: abin da mutum zai gani, da gwaji

A cikin jakar hotspot da ke Files akwai errors.txt, inda saƙonnin ƙin shiga suke. Ka mayar da na uptime-limit da traffic-limit zuwa Hausa, kamar "Lokacin tikitinka ya cika" da "Datar tikitinka ta ƙare", domin wanda ya ga dalili a harshensa ba ya ɗauka na'ura ce ta lalace. A status.html kuma ka sa $(session-time-left) da $(remain-bytes-total) su fito da manyan haruffa, mai saye ya riƙa ganin awonsa da idonsa. Ka duba a waya ko ƙ da ɗ sun fito daidai.

Kada ka sayar da tikiti ko ɗaya sai ka yi gwaji da naka. Ka buga na minti 10, ka shiga, ka yi minti huɗu, ka kashe wayfai, ka jira minti uku ka duba /ip hotspot active ka ga sunanka ya fita; ka dawo ka ga ka shiga ba tare da lamba ba kuma abin da ya rage maka bai gaza kimanin minti huɗu ba. Ka buga na megabait 50 ka kalli bidiyo har a fitar da kai, sannan ka sake gwada lambar ka tabbatar an ƙi ta. Gwaji na ƙarshe shi ne wanda ya fi kama da rayuwar yau da kullum a Sakkwato: ka shiga da tikitin data, ka sauke kamar megabait 100, ka zare wayar wutar rautar daga soket ba tare da kashe ta ba, ka mayar. Idan ta tashi, ka duba agogonta ya dawo daidai, ka buɗe /user-manager session ka ga adadin da aka rubuta maka bai gaza abin da ka ci da fiye da na minti ɗaya ba, kuma tsohon zaman bai maƙale a buɗe yana hana ka sake shiga ba. Idan ya maƙale, ka rufe shi da hannu, ka koma kan radius-interim-update da /radius incoming ka sake duba su, sannan ka maimaita zare wayar har sai sakamakon ya fito daidai sau biyu a jere.